Taswirar Ƙasar da Ba a Taɓa Takawa Ba

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu yi bahasi ne a kan wata sana'a wadda, in an ba mutum labarinta a gurguje, zai ɗauka aikin wanda ya rasa abin yi ne, amma in ya natsu ya dubi irin ilmi da haƙurin da take ci, sai ya ga lalle ta cancanci a kasa mata kunne. Watau zana taswirar ƙasashen almara da kwamfuta, ƙasashen da babu su a bayan ƙasa, amma ga su da duwatsu da koguna da birane da hanyoyin fatake, kowanne an auna shi an ajiye shi a muhallinsa.

Asalin al'amarin wasa ne. A shekarar 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva cikin jihar Wiskonsin ta Amurka, aka fara buga littattafan wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. Tatsuniya ce ta tarayya: mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur, ɗayansu ya zama jagora mai ba da labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo, wannan mayaƙi, wancan boka, wancan ɓarawo, jagora ya bayyana musu halin da suke ciki, su kuma su faɗi abin da za su aikata, sa'an nan a jefa 'ya'yan lido, mafi shahara a cikinsu mai fuska 20, domin a san ko muradi ya cika ko bai cika ba. Ba a zuba kuɗi, ba kuma wanda yake cinye wani.

To, tun da yake 'yan wasa ne suke zaɓen inda za su nufa, wajibi ne jagora ya san abin da yake gabas da abin da yake yamma kafin a tambaye shi, domin idan yau ya ce tsakanin birni da bakin teku tafiyar kwana uku ce, gobe kuma ya ce ta kwana goma ce, amana ta ɓaci, shawarar da 'yan wasa suka yanke game da guzuri da dawaki ta zama banza. Dokokin wasan da aka buga a 2014 sun ƙaddara cewa matafiyi a ƙasa yana cin mil 24 a yini in bai yi gaggawa ba, kuma wannan lissafi ba shi da amfani sai da taswira mai ma'auni. Ko marubucin nan na Ingila, Tolkien, wanda labaransa suka yi wa wannan fanni tasiri ƙwarai, ya shaida a wata wasiƙa cewa da taswira ya fara, daga baya ya daidaita labari a kanta. Saboda haka taswira a nan hujja ce, ita ake komawa gare ta in gardama ta tashi.

A 1980 kamfanin TSR ya fitar da duniyar Gygax mai suna Greyhawk, da ɗan littafi mai shafi 32 da taswira babba mai launi wadda wata mai zane, Darlene, ta yi da hannu. An lulluɓe taswirar da gidaje masu kusurwa shida irin na saƙar zuma, hikimar haka kuwa ita ce, daga tsakiyar kowane gida zuwa tsakiyar maƙwabtansa shida nisa ɗaya ne, alhali a gida mai kusurwa huɗu wanda ya ratsa ta kusurwa ya fi wanda ya miƙe yin nisa. Amma fa kowane gida ɗaya mil 30 ne, ya fi tafiyar yini, don haka ƙauyuka da rijiyoyi da mashigai da gadoji duk sun ɓuya a cikinsa. Wannan giɓi shi ne masu zane na zamanin kwamfuta suka tashi cikewa.

(Kiɗa kaɗan)

Jama'a masu sauraro, a 1993 kamfanin ProFantasy na Ingila ya fitar da manhajar Campaign Cartographer, wadda aka gina bisa irin manhajar da injiniyoyi suke zane da ita, a 1999 kuma aka yi amfani da ita aka tara ɗaruruwan taswirorin wata duniyar, Forgotten Realms, a faifai guda. A ɓangaren Greyhawk, wata mai zane, Anna Meyer, ta shafe shekaru masu yawa tana sake zana ƙasar daki-daki, har taswirorinta suka zama abin dogaro ga ma'abota wasan. Bari mu bi irin wannan aiki mataki-mataki.

Mataki na farko tahƙiƙi ne, ba a ma taɓa alƙalamin zane ba tukuna. Duniyar da marubuta da yawa suka yi shekara arba'in suna rubutu a kanta ba ta rasa saɓanin ruwaya: wannan littafi ya sa gari a gaɓar kogi ta hagu, wancan ya sa shi a ta dama. Sai mai taswira ya tattara nassoshi, ya gwada su, ya rinjayar da mafi ƙarfi, inda kuwa aka yi shiru ya yi ƙiyasi. Haka Karen Wynn Fonstad ta yi da littattafan Tolkien, ta bi kwanakin tafiyar da aka ambata ta fitar da nisa, ta buga kundin taswirorinta a 1981. Hanyar kuwa tsohuwa ce, domin Sharif al-Idrisi, da ya kammala Nuzhatul Mushtaƙ a 1154 a fadar Sarki Roja na Biyu na tsibirin Sisili, da tambayar matafiya da gwada maganganunsu ya raba duniya iƙlimi bakwai, kowane iƙlimi kashi goma. Bambancin kawai, shi matafiyansa sun je sun gani.

Mataki na biyu shi ne gina tudu da kwari. Ana yin wani hoto wanda babu launi a cikinsa sai baƙi da fari da abin da yake tsakaninsu, baƙi ƙirin shi ne wuri mafi zurfi, fari fat shi ne ƙololuwar dutse, kwamfuta kuwa ta karanta hasken kowane ɗigo a matsayin tsawo. Domin kada ƙasa ta fito sumul, ana cakuɗa mata wani lissafi da Ken Perlin ya ƙirƙiro bayan ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, lissafin da yake haifar da gargada mai kama da ta halitta. Bayan haka a shigar da hoton cikin manhaja irin su World Machine ko Wilbur, a umarce ta ta zubo ruwan sama na ƙarya, ya gangara, ya zaizaye duwatsu, ya haƙa kwazazzabai, ya jibge yashi a fadama, har abin da zai ci dubban shekaru ya auku cikin 'yan mintoci.

A nan ne ake gane gwani, domin mai sauraron almara ya yarda da dodo mai aman wuta, ya yarda da birni a cikin gajimare, amma da wuya ya yafe kogin da ya hau tudu. Sunnar Allah a cikin halittarsa ita ce ruwa ya nemi gangare, ƙananan rafuka su haɗu su zama babba, kamar yadda Binuwai take saduwa da Neja a Lakwaja, ba safai kogi yake rabuwa ba sai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ko dab da teku. Haka nan iska mai ɗauke da danshi, in ta tarar da jerin duwatsu, a gefe ɗaya take sauke ruwanta, ɗaya gefen ya zauna a bushe, kuma manyan hamadun duniya sun fi yawa wajen daraja 30 arewa da kudu da tsakiyar duniya. Duk da haka ba a hana abin mamaki ba, gama kogin Neja kansa ya taso ne daga duwatsun Gini, kimanin kilomita 240 daga teku, amma ya ba teku baya ya nufi Tambutu, ya yi tafiyar fiye da kilomita 4,000 kafin ya faɗa cikinta. Sharaɗi dai, kowane abin mamaki ya zo da dalilinsa.

Sai an gama da ƙasa ake shigo da 'yan Adam, a kafa gari inda ruwa yake, a sa kasuwa a mahaɗar hanyoyi, a gina ganuwa a bakin mashigin dutse, a ja iyakar sarakuna ta bi kogi ko tsauni. Kowane nau'i ana ajiye shi a fallensa dabam, fallen koguna, fallen hanyoyi, fallen sunaye, fallen asirai, ta yadda jagora zai riƙe cikakkiyar taswira, ya kashe fallen asirai ya miƙa wa 'yan wasa tasu. Tun da aka buɗe dandalin Roll20 a 2012, da Foundry a 2020, abokan wasa suna haɗuwa ta intanet daga ƙasashe dabam-dabam, taswira tana rufe da duhu, tana yayewa gwargwadon inda gwarzo ya taka, kuma in yaƙi ya tashi a koma ƙaramar taswira wadda kowane gida a cikinta ƙafa biyar ne.

Yanzu har akwai manhajoji, irin su ta Azgaar wadda ake samu kyauta, da suke ƙago nahiya sukutum da masarautunta da addinanta a cikin daƙiƙoƙi. Sai dai na'ura ba ta san wace hanya ce za ta jefa 'yan wasa cikin shawara mai wuya ba, tsakanin gajeriya mai 'yan fashi da doguwa mai cinye guzuri, ba ta kuma san inda ya kamata a dakata ba. Gygax da gangan ya taƙaita bayanin ƙasashensa domin kowane jagora ya sami wurin ijtihadi, mai taswirar da ya cika kowace kusurwa kuwa ya ƙwace wannan haƙƙi daga hannun masu shi. Shi ya sa ƙwararru suke tsananta tahƙiƙi a kan duwatsu da koguna da nisan zango, waɗanda kowa yake bukatar su tabbata, su kuma sassauta a kan abin da yake cikin kango da kurmi, su bar wa kowane tebur ya yanke nasa hukunci.

Jama'a, a nan za mu dasa aya.  

(Kiɗan rufe shiri)