Turke na Ɗan Haya, Taki na Mai Gona: Hayar Filin Kiwo a Mubi

Wanda ya fita bayan garin Mubi da sassafe a watan Disamba, ko ta hanyar Digil da Vimtim ko ta wajen Gella, zai riƙa ganin wasu 'yan filaye a tsakiyar gonakin da aka girbe, an kewaye su da ƙaya ko kara ko waya. A ciki akwai turaku, da duro da aka tsaga biyu ya zama komin ruwa, da rumfa da aka jibge harawa a samanta don kada akuya ta kai. Bijimai 2 ko 3, ko raguna kamar 10, suna tsaye cikin hazo suna tuƙa. Baƙo zai ɗauka mai gonar ne ya ɗaure dabbobinsa. Sau da yawa kuwa gonar ta wani ce, dabbobin na wani, abin da ya haɗa su magana ce da aka yi a zaure a gaban shaidu.

Kasuwa ce ta haifi wannan al'ada. Mubi tana gindin duwatsun Mandara, kogin Yedzaram ya ratsa ta, iyakar Kamaru kuma tana nan kusa ta wajen Sahuda. Iyakar ma ba ta daɗe da tabbata ba: Jamusawa sun riƙe garin tun 1903, Turawan Ingila suka karɓe a 1914, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya zauna cikin Najeriya da sunan lardin Sardauna, Mubi ce hedikwatarsa. Hanyoyin shanu sun girmi duk waɗannan sauye-sauye. Har yau kasuwar shanun Mubi, wadda ake ce wa Tike, tana cikin manyan kasuwannin Arewa maso Gabas. Shanu na shigowa daga Kamaru da Cadi, wasu bayan makonni suna tafiya a ƙasa, daga nan a loda su a tirela su bi ta Hong da Gombi da Song, su nufi Legas da Fatakwal da Anaca. Sa da ya sha irin wannan tafiya yakan iso ana ƙirga haƙarƙarinsa. Wanda ya san dabba sai ya saye shi a ramensa, ya ɗaure wata 3 ko 4, ya mayar da shi Tike ya murje, tozo ya miƙe. Abin da ke tsakanin ramar nan da ƙibar shi ne abincin gidaje masu yawa.

To amma sa ba ya ɗauruwa a tsakar gidan haya. A unguwanni irin su Shuware da Kolere da Lokuwa gidaje sun matse, maƙwabta ba za su jure warin fitsarin shanu da ƙuda ba. Garin kuma ya ƙara cika bayan 2014, shekarar da Boko Haram suka kama shi a ƙarshen Oktoba kafin a ƙwato shi a Nuwamba. Mutane da dama daga Madagali da Michika da Gwoza sun zauna a Mubi ba su koma ba, kuma galibinsu da noma da kiwo suka tashi. Suna da sani, ba su da ƙasa. Ga ƙananan 'yan kasuwa, ga ma'aikatan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa masu neman abin da zai tallafi albashi, ga matan aure masu sayen rago da kuɗin adashi. Gonakin gefen gari kuwa yawanci suna hannun tsofaffin gidaje na Gude da Fali da Njanyi da Fulani, gado ne tun kaka da kakanni. Dole mai dabba ya je wurin mai ƙasa.

Yadda ake zuwan shi ne abin da ya fi burge ni. Ba a faɗa wa dattijo da kalmar haya. Mai nema yakan samu wani da mai gonar ke jin nauyinsa, su tafi tare bayan la'asar. A gaisa, a tambayi iyali da amfanin bana, sannan ɗan rakiya ya buɗe magana.

"Baba, yaron nan naka ne ya ga gefen gonarka ta bakin rafi babu komai. Yana roƙo ko za a taimaka masa ya ɗaure 'yan dabbobinsa zuwa faɗuwar ruwa."

Dattijo ba zai amsa nan take ba. Zai tambaya shanu ne ko ƙanana, guda nawa ne, wa zai kwana wurin, ina za a samo ruwa. In ya gamsu sai ya ce, "To, ɗana, ƙasa ta Allah ce. Amma ka sani ruwa na sauka zan shuka."

A cikin wannan jimla aka yanke wa'adi. Kuɗin kuwa sai daga baya ɗan rakiya zai faɗa, a kira shi na goro, ko da kowa ya san haya ce. Washegari a je a taka filin. Wasu da ƙafa suke aunawa, wasu su ce daga wannan tsamiya zuwa wancan suri, 'yan zamani kuma su yi lissafi da fuloti, ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo. In filin na da girma ko za a daɗe, akan sanar da Jauro ko mai unguwa. Shaida kan zama liman, ko dattijon majami'a, ko duka biyun idan masu cinikin ba addininsu ɗaya ba, abin da ba baƙo ba ne a Mubi.

Tsofaffi suna tuna lokacin da cinikin nan a juye yake. Da can manomi ne ke neman makiyayi. Da an gama girbi sai ya aika wa Ardo da goro, a kawo garke ya kwana a gonarsa, shanu su ci kara da ragowar ganye, su bar taki. Manomi ya ba da damin dawa, matan ruga su kawo nono da man shanu. Babu wanda ke ganin ya fi wani bukata. Abubuwa da yawa suka taru suka sauya wannan. Takin zamani ya zo, manomi ya ga zai iya rabuwa da garke. Gari ya faɗaɗa ya cinye makiyaya da burtali, duk da dokar keɓe wuraren kiwo da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1965. Sannan kara da harawa da kowar wake suka zama haja, ana ɗaure su dami-dami ana sayarwa. Abin da ake barin wa dabba kyauta ya koma na kuɗi, mai dabba ya zama shi ke biya.

Duk da haka taki bai bar cikin maganar ba, kuma a kansa aka fi samun saɓani. Al'adar da aka fi bi ita ce abin da dabba ta zubar a ƙasa na mai ƙasa ne, shi ya sa kuɗin hayar ba ya yin tsanani. Akwai masu gonar da ba sa karɓar ko sisi, takin kawai suke so, har su sharɗanta a riƙa matsar da turaku duk bayan 'yan makonni domin gonar ta samu ko'ina. Amma tun da buhun takin zamani ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba ya iya kaiwa, takin gargajiya ya sake daraja. Masu lambu a bakin Yedzaram suna sayensa buhu-buhu. Ɗan haya da ya kashe kuɗi kan dusa da harawa da kanwa yakan ga cewa takin ma daga aljihunsa ya fito, ya share ya sayar da dare. Mai gona ya zo ya tarar da fili fes kamar an yi shara. Na taɓa zama a wurin sulhun irin wannan, mai gona yana cewa don takin ya sauƙaƙa kuɗi, ɗan haya yana cewa ba a ambaci taki ba ranar ciniki. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Dattawa suka raba: wanda aka riga aka sayar ya tafi, wanda zai taru daga ranar na mai gona ne.

Malamai ma suna da abin cewa a nan. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin yankin ke bi, ba a hayar ƙasar noma da abinci ko da abin da ƙasa ke tsirarwa, don haka biyan kuɗi ya fi tsabta a kan alkawarin buhun masara. Kashin dabbar da ake cin namanta kuma mai tsarki ne, sayar da shi ba laifi ba ne. Abin da malami zai nanata shi ne a san wa'adi, a san lada, a san abin da aka yi ciniki a kansa. Ta fuskar hukuma kuwa, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a filayen karkara. Amma hayar wata 4 a gefen gona ba ta zuwa ofis. Tana rayuwa ne a kan kunya da sanayya.

Aikin da ke cikin filin ba ƙarami ba ne. Ruwa shi ne babbar wahala, musamman daga Maris zuwa Afrilu lokacin da zafi ya tsananta, rijiyoyi suka ja baya, kogin ya koma yashi ana tono. Filin da ke kusa da rafi ko famfon burtsatse ya fi tsada saboda haka, wanda ke nesa kuwa sai an sayi ruwa wurin 'yan kura. Da safe a ba da harawar gyaɗa ko ta wake, da rana dusa da aka jiƙa da ɗan gishiri ko kanwa. Matan da suka haɗa kai su 3 ko 4 suka kama fili ɗaya sukan tara ƙasari daga gidajensu, yara su kai a bokiti kafin su tafi makaranta. Kowace ta san ragonta, ko Balami ne ko Uda ko Yankasa, da irin igiyar da ta ɗaura masa. Sai kula da kaska da ciwon hanta da boru, domin dabbar da aka sayo daga Tike ta cuɗanya da garke iri-iri, mai hankali yakan ware ta kwanaki kafin ya haɗa ta da sauran. Da dare kuma dole wani ya kwana a bukka da tocila da kare. Sa guda na iya zama jarin mutum gaba ɗaya, ɓarawo kuwa ya san iyaka ba ta da nisa.

Shekarun nan an ƙara samun wata matsala da kalanda ta kawo. Mai kiwon rago Babbar Sallah yake hange, ita kuma tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 ta faɗo a watan Yuni, daidai lokacin da damina ke kankama a Mubi. Mai gona na son filinsa ya shuka, ɗan haya na roƙon mako 2 ko 3 kafin kasuwar raguna ta buɗe. In ya fitar da su da wuri ya faɗi, in ya zauna ya hana mutum shuka. Wasu masu gonar suna haƙuri su shuka sauran gonar su bar gefen, wasu su ce alkawari alkawari ne. A irin wannan ranar ake gane wanda ya je neman fili da ɗan rakiya nagari.

Ni a ganina wanda ya fi cutuwa idan magana ta lalace shi ne mai ƙaramin ƙarfi, bazawara mai raguna 2 ko ɗan gudun hijira da ba shi da dangi a gari. Yakan kashe kuɗi ya kafa shinge da rumfa, gonar ta yi kyau da takinsa, baɗi a ce wani ya ba da fiye da nasa, ko magada su yanka wurin fuloti-fuloti su sayar. Ba shi da takarda, shaidunsa kuma maƙwabtan mai gona ne. Shi ya sa nake goyon bayan masu unguwannin da ke sa a rubuta 'yar takarda, a ambaci ranar tashi, da mai taki, da mai shinge, da wanda zai biya in dabba ta tsinke ta yi ɓarna. Wasu dattawa suna jin rubutun kamar an ce ba a yarda da su ba, sai a lallashe su da cewa don 'ya'ya ake yi.

Idan hadari ya fara haɗowa ta kan duwatsu, sai ka ga ana tuge turaku, ana naɗe waya, ana ɗora duro a kura. Ɗan haya mai ladabi ba ya tafiya sai ya koma zaure ya yi ban kwana, in ya samu riba ya riƙa wa dattijo goro ko turmin atamfa na uwargida, ya kuma ajiye magana kan kaka mai zuwa. Mai gona ya kawo garmar shanu ya kife wurin. A watan Agusta masarar da ta fito a inda turakun suka tsaya takan fi ta sauran gonar tsawo da duhun ganye, har mai wucewa a kan babur yana iya nuna iyakar filin da aka yi haya.