Daga Kwanar Dangora Zuwa Falgore: Abin da Waya Ke Iya Yi Idan Sabis Ya Ɗauke

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ya san yadda abin yake. Mota za ta taso daga Kano ta bi titin Zariya, idan ta iso Kwanar Dangora sai ta saki babban titi ta nufi Tudun Wada. Har zuwa nan fasinjoji suna ta latsa waya, wani yana kallon TikTok, wata tana tura saƙon murya. Amma da an fara kutsawa dajin Falgore, sai sandunan sabis su fara raguwa ɗaya bayan ɗaya. A wasu wuraren 4G ta koma E, a wasu kuma komai ya ɗauke.

Idan mota lafiyarta ƙalau, mintoci ne kawai a wuce. Matsalar tana zuwa ne ranar da taya ta fashe, ko inji ya ɗauki zafi, ko wani ya kamu da rashin lafiya a tsakiyar dajin da aka daɗe ana taka-tsantsan da shi saboda 'yan fashi da masu garkuwa da mutane. A irin wannan lokaci ne mutum yake gane ko ya shirya wayarsa tun daga gida ko bai shirya ba.

Ba a daji kaɗai hakan ke faruwa ba. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Kaduna saboda tsaro. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, hada-hadar bankuna ta yi tsaiko. A Oktoban 2024 kuma jihohin Arewa da dama sun shafe kwanaki babu wutar lantarki. Saboda haka sanin abin da waya ke iya yi ba tare da sabis ba ya shafi ɗan Bebeji da ɗan Kiru kamar yadda ya shafi direban da ke ratsa Falgore kullum.

Me ya sa sabis ke ɗaukewa?

Waya tana magana ne da turken sadarwa mafi kusa da ita ta hanyar zangon rediyo. Abubuwa uku ne ke raunana wannan magana: nisa, da abin da ya tsaya a tsakani, da irin zangon da ake amfani da shi. Duwatsu irin na yankin Riruwai da ke Doguwa suna tare siginar, ganyen bishiyoyi masu duhu kuma suna shanye ta, musamman da damina.

Ƙananan zanguna kamar 800 da 900 MHz suna tafiya nesa, shi ya sa tsohuwar 2G take kaiwa inda sauran suka gaza. Ita kuwa 5G da kamfanonin MTN da Mafab suka sayi lasisinta a Disambar 2021 a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, tana kan zangon 3.5 GHz ne. Tana da sauri sosai, amma ba ta nisa. Kano na cikin biranen farko da MTN ya kai ta a 2022, sai dai cikin birni ake maganarta, ba daji ba. Dalilin kuwa na kuɗi ne: turke yana buƙatar janareta, da man dizal, da mai gadi, da hanyar haɗa shi da sauran turaku. Kamfani ba ya gaggawar kashe wannan kuɗi a inda masu kira ba su da yawa.

GPS ba ya buƙatar data

Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ɗigon shuɗin da ke nuna inda mutum yake a taswira ba daga MTN ko Airtel yake zuwa ba. Daga taurarin ɗan'adam yake zuwa, waɗanda ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Waya tana sauraron aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta gane inda take. Ba ta tura musu komai, kuma ba a cire ko kwabo. Yawancin wayoyin yanzu, har da Tecno da Infinix da itel, suna iya wannan, wasu ma suna haɗawa da taurarin Rasha da na Turai da na Sin.

Abin da data ke kawowa shi ne hoton taswirar kanta. Idan babu shi, sai a ga ɗigo yana yawo a kan farin fili. Maganin shi ne a sauke taswirar tun ana gari. A manhajar Google Maps, idan aka taɓa hoton asusu da ke sama, akwai wurin da aka rubuta Offline maps. Nan ake zaɓar yankin da ake so, misali daga Kano har Saminaka, a sauke shi. Taswirar da aka sauke tana nuna hanyar mota, amma ba ta nuna cunkoso, kuma tana son a riƙa sabunta ta lokaci zuwa lokaci. Akwai kuma Organic Maps da OsmAnd, waɗanda tun asali aka gina su don aiki ba tare da intanet ba.

Abu ɗaya da ya kamata a sani: idan babu data, waya kan ɗan jima kafin ta kama taurarin, wani lokaci har 'yan mintoci. A fito fili, a bar ƙarƙashin rufin mota ko inuwar babbar bishiya, a ɗan yi haƙuri.

Yadda ake faɗin inda ake da saƙon tes guda

“Mun wuce Tudun Wada, muna cikin daji” ba kwatance ba ne. Idan aka danna wuri a taswira aka riƙe, manhajar za ta fito da lambobi biyu. A kudancin Kano ta farko tana kusa da 11, ta biyu kuma tana tsakanin 8 da 9. Duk wanda aka tura wa waɗannan lambobi, ya saka su a tasa taswirar, zai ga daidai wurin.

Ta saƙon tes ya fi dacewa a tura su, ba ta WhatsApp ba. Tes ɗan ƙaramin abu ne, yana iya ratsawa da sanda ɗaya ta 2G a lokacin da kira ke yankewa. Sai dai akwai wani sirri ga masu rubutu da Hausa. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an saka harafi mai lanƙwasa irin su ƙ ko ɗ ko ɓ, sai tsarin ya canza, iyakar ta dawo 70. Dogon saƙo sai ya rabu gida biyu ko uku, wani ɓangaren yana iya maƙalewa a hanya. A lokacin gaggawa, a rubuta gajere da haruffa marasa lanƙwasa.

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce. Ko da layin mutum ba shi da sabis, yana da kyau ya gwada ta, domin an tsara wayoyi su nemi duk turken da ke kusa idan kiran gaggawa ne. Amma idan babu turke ko ɗaya da siginarsa ta iso wurin, ita ma ba za ta shiga ba.

Manhajojin da ke aiki a gona da aji

Tudun Wada da Doguwa yankunan masara da shinkafa ne, kuma gona ba kasafai take kusa da turke ba. Tsutsar nan mai cinye masara, wadda aka fara ganowa a Afirka a farkon 2016, har yanzu tana addabar manoma. Masu bincike na PlantVillage da ke Jami'ar Penn State a Amurka, tare da cibiyar IITA ta Ibadan da hukumar FAO, sun samar da manhaja mai suna Nuru. Ana nuna wa kyamara ganyen, manhajar ta duba ko akwai alamun ɓarnar tsutsar. Ƙirƙirarriyar basirar da ke cikinta a kan wayar take aiki, don haka ba sai da data ba bayan an sauke ta. Ba ta maye gurbin malamin gona, amma tana sa a farga da wuri.

Ga ɗalibai kuma akwai Kiwix, wadda ke ba da damar sauke Wikipedia a karanta ba tare da intanet ba, har da ta Hausa. Google Translate ta saka Hausa tun Disambar 2013, a Janairun 2023 kuma ta ba da damar sauke ta don fassara ba data. Idan mutum ɗaya ya sauke littafi ko bidiyon darasi, sauran za su iya karɓa ta Quick Share ko Xender, waɗanda ke haɗa waya da waya kai tsaye.

Sabon abu a wannan fanni shi ne Bitchat, manhajar da Jack Dorsey, ɗaya daga waɗanda suka kafa Twitter, ya fitar a Yulin 2025. Tana tura saƙo ta Bluetooth daga waya zuwa waya, kowace waya ta miƙa wa ta gaba. A kasuwa ko makaranta ko wurin taro za ta yi amfani idan mutane da yawa sun saka ta. A tsakiyar Falgore kuwa, inda babu wata waya kusa, babu abin da za ta tsinana. Shi kansa Dorsey ya yi gargaɗin cewa ba a gama tantance tsaronta ba, don haka ba wurin ajiye sirri ba ce.

Lissafin caji

Duk waɗannan suna tsayawa idan batir ya mutu. Wayar da ke neman sabis a inda babu shi tana ƙara ƙarfin siginarta, tana shan caji fiye da kima. Idan an shiga irin wannan wuri, a kunna alamar jirgin sama. GPS zai ci gaba da aiki, sai a riƙa kashe ta lokaci-lokaci a duba ko sabis ya dawo.

Game da fawa bank, lambar da ke jikin kwali tana ruɗar mutane. Mai 20,000 mAh ba zai cika waya mai 5,000 mAh sau huɗu ba. Batirin cikinsa yana aiki ne a kan bolt 3.7, sai an ɗaga wutar kafin ta fita ta igiya, wayar kuma ta sake sauke ta. A wannan juyi ana asarar kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da za a samu bai wuce cikawa biyu da rabi zuwa uku ba, idan na gaske ne. Na gaske mai wannan girma yana da nauyin wajen giram 400. Wanda aka ɗaga aka ji shi sakayau, alhali an rubuta masa babbar lamba, abin zargi ne.

Turke a sararin samaniya

Abin da zai iya canza labarin gaba ɗaya yana sama. A Janairun 2023 Nijeriya ta zama ƙasar farko a Afirka da Starlink na kamfanin SpaceX ya fara aiki. Taurarinsa suna kusan kilomita 550 ne daga ƙasa, yayin da irin su NigComSat-1R na Nijeriya, wanda aka harba a Disambar 2011, suke nisan kusan kilomita 36,000. Kusancin ne ya sa saƙo ke zuwa ya dawo da sauri. Sai dai yana buƙatar faranti, da wuta, da kuɗin wata da ya kai naira 57,000 a 2025. Ya fi dacewa da makaranta, ko asibiti, ko shagon da zai raba wa unguwa, ba aljihun mutum ɗaya ba.

Mataki na gaba shi ne a cire farantin. A Janairun 2024 SpaceX ya harba taurarin farko da ke magana kai tsaye da wayar 4G ta yau da kullum, tamkar turken da ke yawo a sama. Kamfanin T-Mobile ya fara sayar da wannan sabis a Amurka a Yulin 2025. A Disambar 2025 kuma Airtel Africa ya sanar da yarjejeniya da SpaceX don kai shi ƙasashe 14 da yake aiki a cikinsu, Nijeriya da Nijar na ciki, bayan samun amincewar hukumomin kowace ƙasa.

Kada a ɗauka za a riƙa kallon fim da shi a daji. A inda aka fara, da saƙon tes aka soma, sannan data kaɗan ga wasu manhajoji. Yana son sararin sama a buɗe, kuma ba kowace waya ce ke ɗauka ba. Amma ga direban da motarsa ta tsaya tsakanin Tudun Wada da Doguwa bayan magariba, tes guda mai ɗauke da lambobi biyu ya isa.

Kafin a bar Kwanar Dangora

Kafin wancan ya iso hannun kowa, abin da ke hannu ya wadatar idan an shirya shi. Kwanar Dangora wuri ne da motoci kan tsaya, a sha ruwa, a sayi abin taɓawa. Mintoci biyar na wannan tsayawa sun isa matafiyi ya tabbatar taswirarsa tana cikin waya, cajinsa ya haura rabi, akwai ɗan kati a layi don tes, kuma ya sanar da wani a gida lambar motar da lokacin da ake sa ran isa. Wanda ke da layi biyu na kamfanoni daban-daban ya fi samun dama, domin inda ɗaya ya ɗauke wani lokaci ɗayan yana nan. Lambobin mutum biyu ko uku kuma a rubuta su a takarda a saka a aljihu, saboda ranar da wayar kanta za ta mutu a nemi aron ta maƙwabcin kujera.