Farar Ƙurar Da Ba Ta Hunturu Ba Ce

Da zarar hunturu ya kama, laimar iska a garuruwa irin su Kano da Sakkwato takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Leɓe ya tsage, maƙogwaro ya bushe, yara su yi ta haɓo. Wannan ne ya sa wasu magidanta ke sayen na'urar feshin raɓa, wadda kan sake ɗan hazo a ɗaki don iska ta yi laushi.

To, amma ba a daɗewa sai uwargida ta ga wata farar ƙura ta lulluɓe tebur da talabijin, alhali tagogi a rufe suke. Wannan ƙura kuwa daga cikin ruwan ta fito. Ruwan rijiya da na burtsatse yakan ɗauko ma'adinai daga ƙarƙashin ƙasa, musamman kalsiyam da magnesiyam, watau abin nan da ke barin farin ɓawo a gindin tukunyar dafa ruwa. Na'urar da aka fi yayi ba ta tafasa ruwa. Wani ɗan faifai ne a cikinta ke karkarwa fiye da sau miliyan a daƙiƙa, yana farfasa ruwan ya tashi da duk abin da ke cikinsa. Ruwan ya bi iska, ma'adinan su saura, wasu su sauka kan kaya, wasu kuma jaririn da ke barci ya shaƙe su.

Tafasa ruwan ba ya kawar da ma'adinan duka. Hanyar da ke raba su da ruwa ita ce wadda ake kira ribas osmosis: a tura ruwa da ƙarfi ta cikin wani tantani mai ƙofofin da ruwa ke iya ratsawa, gishiri kuwa a tare mafi yawansa. Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan ne suka ƙera tantanin farko mai amfani a Jami'ar Kalifoniya wajen 1960, a 1965 kuma garin Coalinga ya fara shan ruwan da aka tace ta haka. Aibin ƙananan na'urorin gida shi ne sukan zubar da ruwa fiye da wanda suke tacewa.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da shawarar a zuba ruwa mai ƙarancin ma'adinai, a juye ragowar kullum, a wanke tankin bayan kowane kwana uku, kada kuma laimar ɗaki ta wuce kashi 50.

Akwai kuma babban kashedi. A 2011 hukumomin Koriya ta Kudu suka gano cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa cikin irin wannan na'ura shi ne ke lalata huhun mutane, har aka yi asarar rayuka masu yawa, ciki har da jarirai da mata masu juna biyu. Saboda haka kada a zuba mata komai sai ruwa mai tsabta, don gudun kada garin neman gira a rasa ido.