Yara da Abincin Bakin Teku: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Yaron da ya tashi a Kano ko Maraɗi, kifin da ya sani bai wuce tarwaɗa da karfasa da busasshen kifin miya ba. Don haka idan iyali suka je hutu Accra, aka zauna a bakin tekun Labadi, aka kawo dokunu da soyayyen kifi da jatan lande, kada ku yi mamaki in ya kau da kai ya ce shi Indomie zai ci.

Ba taurin kai ba ne. Tsakanin shekara 2 zuwa 6 ne yara suka fi gudun baƙon abinci, kuma masana abincin yara sun lura cewa sau tari sai yaro ya ɗanɗana abu sau 10 ko fiye kafin bakinsa ya karɓa. Hutun mako guda ba zai isa wannan ba. Saboda haka a daina sa ran ya cinye kwano. In ya kai loma ɗaya baki, an ci riba.

A fara da abin da ya yi kama da na gida. Waakye shinkafa da wake ce, ana kuma samun koko da ƙosai da safe a unguwanni irin su Nima. Dokunu tuwon masara ne mai ɗan tsami, kuma yaron da ke shan koko ya riga ya san tsami. A sa baƙon abu kaɗan a gefen abin da ya sani, gutsuren kifi kusa da shinkafarsa, ba kwano guda ba.

Abin da ya fi tasiri, a ganina, shi ne iyayen kansu. Uwar da ta yatsina fuska don ƙarni ta gama yanke wa ɗanta hukunci. Ku ci a gabansa, ku ci da marmari, sannan ku ce, "Ɗanɗana ka ji, in bai yi maka ba ka tofar." Ku cika wannan alkawari kuwa. Tilas da tsawa ƙara masa ƙyama suke yi, haka nan alkawarin alewa yana nuna masa cewa kifin wahala ce da ake biyan lada a kanta. Ku kai shi unguwar Jamestown a Accra ya ga masunta na sauke kifi daga kwalekwale, ku bar shi ya nuna wanda za a gasa. Abin da yaro ya zaɓa da kansa da wuya ya ƙi taɓawa.

Batun halasci kuma, a mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne, har da ƙaguwa da jatan lande.

Inda ake buƙatar sa ido shi ne lafiya. A cire ƙaya tsaf, a sayi abin da aka dafa sosai yana da zafinsa. Shito, baƙin yajin da ake haɗawa da dokunu, yana da zafi, kuma galibi akwai busasshen jatan lande a ciki. Jikin wasu yara ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa, don haka ranar farko a ba da kaɗan, da rana, a lura da yaron na awa 2. Idan borin jini ya fito ko ya yi amai, a dakata a ga likita. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya asibiti nan take.