Matsirgar Ruwa a Ƙasar Kano da Al'adar Shiga Daji da Ɗan Jagora

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ɗambatta, ko Makoɗa, ko Bichi, ko Tsanyawa, ko Minjibir, ruwan da ya sani shi ne na sama da ake jira daga watan Yuni, da na rijiya da ake ja da guga, sai kuma na rafi da kududdufi waɗanda ke cika da damina su ƙafe da rani. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai jigawa, kuma gona na haɗe da gona tun daga bakin wannan gari har zuwa bakin na gaba. Wannan ne ya sa masana labarin ƙasa, irin su Michael Mortimore wanda ya yi bincike a ƙauyukan Kano tun cikin shekarun 1960, suka sanya kewayen Kano cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Itatuwan da ake gani, wato gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya, kowanne da mai shi, kuma don amfaninsa aka bar shi a gona. Daji a ma'anarsa ta asali babu shi. Kogunan Tomas da Gari da Jakara kuwa a sannu suke tafiya bisa yashi, ba su da wani tudu da za su faɗo daga kansa.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami dattijo a wannan yanki wanda bai taɓa ganin matsirga ba, har ma kalmar ta zama baƙuwa a kunnen yara. Matsirga ita ce wurin da rafi ko kogi ke zubowa daga kan dutse zuwa ƙasa da ƙarfi, wasu kuma kan ce magangarar ruwa. Da wannan kalma ake kiran shahararren wurin nan na kusa da Kafanchan a jihar Kaduna, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 30. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jihar Kano ma tana da tata, can a ƙarshen kudu.

Inda ƙasar Kano ta ɗaga

Idan matafiyi ya bar birnin Kano ta hanyar Zariya, ya wuce Kura da Ciromawa, ya karya a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada, zai lura ƙasa ta fara sauya kama. Gonaki na raguwa, itatuwa na ƙara kusantar juna, har ya shiga Dajin Falgore wanda titin Jos ya ratsa ta cikinsa. Wannan daji yana da nisan kimanin kilomita 150 daga birni, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya kuma shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka mayar da shi gandun namun daji. A nan ne mutumin arewa zai ga doka da maje da kawo da kirya da maɗaci sun tsaya da kansu, ba wanda ya shuka, ba kuma wanda ya gada.

Bayan Falgore sai duwatsun Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Birnin Kano bai kai mita 500 bisa teku ba, amma ƙololuwar waɗannan duwatsu ta haura mita 1,000, kuma babu inda ya kai su tsayi a duk faɗin jihar. Masana ilmin duwatsu sun bayyana cewa saiwar wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ruwa da iska suka cinye samansa cikin miliyoyin shekaru, suka bar zoben duwatsu masu tauri. A cikinsu ne ake samun kuza, kuma tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai ke narka ta suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwar Kurmi da sauran kasuwanni.

Wannan tauri na dutse shi ne asalin matsirga. Rafi yakan ci ƙasa mai laushi da sauri, ya kasa cin dutse mai tauri. Inda biyun suka haɗu, sai ɓangaren mai laushi ya yi ta zurfi, mai taurin ya tsaya a matsayin dakali, ruwa ya riƙa faɗowa daga kansa. Ƙarfin faɗuwar kuma yakan haƙa gurbi mai zurfi a gindi. Bugu da ƙari, ruwan saman da ke sauka a kudancin jihar yakan haura milimita 1,000 a shekara, alhali na arewa yakan gaza haka nesa ba kusa ba. Da dutse da ruwan sama suka haɗu, sai aka sami matsirgar da ke ƙasar Zainabi, kusa da Riruwai, wadda ita ce aka fi sani a jihar.

A gefen irin waɗannan rafuka ne ake samun abin da Bahaushe ke kira kurmi, wato duhuwar itatuwa da ke bin bakin ruwa, inda tukurwa da gora da kanya da igiyoyin daji ke sarƙewa har rana ta kasa ratsawa. Ya kamata mai karatu ya fahimci cewa wannan kurmi ɗan siriri ne, taku kaɗan ka fito fili. Babban kurmi na sosai sai an dangana da kudancin Nijeriya, kamar jihar Kuros Riba, inda matsirgar Agbokim ta kusa da Ikom ke zubowa ta bakuna bakwai, da matsirgar Kwa a ƙasar Akamkpa wadda ake sauka gindinta ta matakala fiye da 200. A can ruwan sama ya ninka na Kano sau biyu ko uku, ganye ba ya bushewa gaba ɗaya, matsirga kuma ba ta yankewa. Ta Kano kuwa ’yar damina ce. Daga Agusta zuwa farkon Oktoba take da ƙarfi, da rani sai ta koma ɗan zirin ruwa a jikin dutse. Ga manomin arewa, lokacin da ya fi dacewa shi ne ɗan tsakanin nan bayan an yanke gero, kafin dawa ta nuna.

Daga jagaba zuwa ɗan jagora

A wannan zamani ana ɗaukar tafiya daji da ɗan jagora a matsayin baƙon abu na masu yawon buɗe ido. A gaskiya kuwa Kanawa sun daɗe da sanin tsarin, sai dai su fatauci ke kai su, ba kallo ba. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro kan tashi daga Kano zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su sauka a kasuwar Salaga bayan watanni. Agalawa da Tokarawa, waɗanda da yawansu mazauna ƙauyukan Kano ne, su ne ƙashin bayan wannan fatauci, kuma daga zuriyar Agalawa ne Alhaji Alhassan Ɗantata ya fito. Kowane ayari yana da madugu, shugaban tafiya. Amma mutumin da ke gaba shi ne jagaba, wanda ya san hanya, ya san mashigin kowane kogi, ya san inda ake yada zango da inda ba a kwana. Attajiri komai yawan jakunansa ba ya wuce jagaba, kuma idan jagaba ya ce a tsaya, tsayawa ake yi.

Bayan da kasuwar Salaga ta raunana a ƙarshen wannan ƙarni, ɗaya daga cikin garuruwan da cinikin goro ya koma shi ne Kintampo, inda Hausawa suka kafa zango. A bakin wannan gari akwai matsirga a kan kogin Pumpum, wadda a yau take cikin wuraren da aka fi ziyarta a Gana. A watan Maris na 2017 guguwa ta kayar da wata babbar bishiya a kan masu wanka a gindinta, mutum kusan 20 suka rasu, galibinsu ɗaliban sakandare da suka zo yawon makaranta. Hukumomin ƙasar sun rufe wurin na tsawon watanni kafin a sake buɗe shi. Wannan al'amari ya isa ishara ga duk makarantar da ke shirin cika mota da yara ta nufi Riruwai ba tare da wani ɗan gari a gaba ba.

Aikin ɗan jagora ya fara tun kafin a shiga daji. Al'adar ƙasar Hausa ita ce baƙo ya fara sauka wurin mai unguwa ko dagaci, ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Shi ne zai haɗa shi da wanda ya san wurin, galibi maharbi, ko mai cin zuma, ko makiyayi. Wannan gaisuwa ba ladabi kaɗai ba ne: idan yamma ta yi baƙi ba su dawo ba, akwai wanda ya san sun shiga, ya kuma san ta inda za a bi sawunsu.

A cikin daji kuwa, abin da ya fi kashe baƙo shi ne ruwan da bai ga saukarsa ba. Mutumin Ɗambatta ya saba idan hadari ya haɗu ya gan shi tun daga nesa, domin ba abin da ya tare masa sama. A gindin dutse ba haka ba ne. Ana iya tafka ruwa a can bisa tsauni, nan ƙasa rana na haskawa, cikin ɗan lokaci rafi ya kawo. Ɗan gari yakan gane ta sauyin launin ruwa, da ganyaye da karmami da suka fara biyowa, da canjin ƙarar matsirgar kanta. Haka nan ya san duwatsun da gansakuka ta lulluɓe masu santsi kamar sabulu, ya san gurbin da ruwa ke juyawa ya danne mutum komai iya iyonsa, ya san kogon da ƙudan zuma suka kama, da irin wurin da kasa da kububuwa ke kwanciya. Akwai kuma wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu da ƙarfi, wanda cizonsa ke yaɗa cutar makantar bakin kogi, don haka riga mai dogon hannu da wando sun fi dacewa da wurin ko da ana zafi.

Sau da yawa baƙo zai ji an ce kada a shiga wani gurbi domin akwai mutanen ɓoye, ko kada a je da tsakar rana ko bayan la'asar. Ɗan boko yakan yi dariya, malami kuma ya kira shi camfi. Aikin wannan rubutu bai shafi hukunci a kan iskoki ba. Abin lura kawai shi ne, wuraren da ake hanawa galibi su ne mafi zurfi, lokutan da ake hanawa kuma su ne waɗanda ba kowa a kusa da zai kawo ɗauki. Wanda ya raina hanin saboda bai yarda da dalilin ba, ruwan bai san da wannan muhawara ba.

Sai batun tsaro, wanda ba a iya tsallake shi. Dajin Falgore ya haɗe da dajin Lame-Burra na jihar Bauchi, kuma a shekarun 2010 ɓarayin shanu da ’yan fashi sun mayar da shi maɓoya, har matafiya suka riƙa gudun bin titin da dare. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta mayar da wani sashe nasa filin atisaye. Halin tsaro a irin wannan wuri yakan sauya daga wata zuwa wata, saboda haka labarin wanda ya je bara ba ya wadatarwa. Hakimi da jami'an gandun daji da mutanen gari su ne ke da labarin wannan mako.

Ruwan da ke gangarowa arewa

Kogin Kano daga waɗannan tsaunuka na kudu yake samun ruwansa, ya ratsa Falgore, ya zuba a madatsar Tiga wadda aka kammala a 1974. Daga Tiga ne ake ban ruwan filayen Kadawa da Kura, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir, kuma ruwan da birnin Kano ke sha yana da kaso daga nan. Daga baya kogin ya haɗu da Challawa su zama kogin Haɗeja. Ke nan tumatirin rani da ake kasawa a kasuwar Bichi ko ta Ɗambatta, wani daga cikinsa da ruwan duwatsun Doguwa aka raine shi.

Haka kuma buhunan gawayi da lodin itacen da ake gani jere a bakin titin Tudun Wada, arewa suke nufa, zuwa birni da garuruwan da ba su da dajin kansu. Kirya ce masu gawayi suka fi so saboda taurinta, ita ce kuma mai jinkirin girma. Inda aka sare itatuwan gefen rafi, ƙasa ba ta riƙe ruwa: da an yi ruwan sama sai ya kwararo gaba ɗaya, jajir da laka, ya wuce cikin ’yan kwanaki. Matsirga ta yi hauka a watan Agusta, ta yi shiru tun kafin sanyi ya shigo, lakar kuma ta tafi ta kwanta a gindin Tiga tana rage mata ciki.