Yasar Rijiya a Kareliya

Idan gari guda ya kama ciwon ciki, yau gidan wane, gobe gidan wance, mai hankali ba zai tsaya rabon jiƙo gida-gida kawai ba. Zai tambaya: wai a ina kuke ɗiban ruwa? Domin in rijiya ce ta gurɓace, ko ka warkar da mutum yau, gobe da asuba zai sake zura guga a cikinta. To, akwai wasu ma'aikatan lafiya da sana'arsu ke nan, leƙen rijiya. Ba kasafai za ka gan su da allura a hannu ba. Gwamnati ko wata hukuma ce ke kiransu, ta ce ku zo ku duba mana abin da ke cin mutanenmu, ku ba mu shawara. A wannan zamani ana yawan kiransu a kan abu uku: taba, ƙiba, da zaman da babu motsi. Kuma wurin da aikinsu ya fi fitowa fili, a ganina, shi ne wani yanki na ƙasar Finlan da ake kira Kareliya ta Arewa.

Yankin yana gabashin ƙasar, kan iyaka da Rasha, ƙasar dazuzzuka da tafkuna da sanyin da ke daskarar da ruwa wata da watanni. Mutanensa a lokacin kimanin dubu 180 ne. Mazansu majiya ƙarfi ne, masu saran itace a daji da kiwon shanun madara. Amma zuwa ƙarshen shekarun 1960 bincike ya nuna mazan nan suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duk duniya. Magidanci ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ya fita da gatarinsa lafiya lau, sai a shigo da gawarsa. Mata masu takaba suka yi yawa, marayu suka yi yawa. Da tura ta kai bango, a 1971 shugabannin yankin, da gwamnansu Esa Timonen a gaba, suka sa hannu a takardar koke zuwa ga gwamnati. A 1972 aka soma aiki, aka ɗora wani matashin likita mai suna Pekka Puska, wanda ko shekara 30 bai kai ba.

Me aka tarar a rijiyar tasu? Kitse, gishiri da hayaƙi. Burodinsu sai an lafta masa man shanu, madararsu mai maiƙo ce, nama da kifi an jiƙa su da gishiri don su kai bazara, ganye kuwa da yawansu suna kallonsa abincin dabbobi. Fiye da rabin mazan suna shan taba.

Ki duba kwatar tsakar gidanki, uwargida. Kullum ana tuttula mata ruwan wanke-wanke mai maiƙo. Ranar farko ruwa ya wuce salin alin. Amma maiƙon nan yana mannewa a gefe, ya kama ƙasa da ɓawon albasa, musamman da hunturu in ya daskare, hanya ta dinga tsukewa ba wanda ya lura, har ranar da za a zuba ruwa ya dawo tsakar gida. Haka jijiyoyin jini suke. Ita zuciya tsoka ce, tana da 'yan ƙananan jijiyoyi da ke kai mata nata abincin. Kitsen dabba in ya yi yawa yana ɗaga wani maiƙo a cikin jini da likitoci ke kira kolestarol, shi ne mai mannewa. Gishiri yana sa jinin ya riƙa tafiya da ƙarfin da ya wuce kima yana dukan bangon jijiya, hawan jini ke nan. Hayaƙin taba kuma ya kankare cikin jijiyar ya sa ta yi kaushi, maiƙo ya sami wurin kamawa, jini ya yi saurin gudaji. Ranar da kwata ta toshe gaba ɗaya, sashen zuciyar da ke bayanta ya mutu. Kuma a lura, mutanen nan ba ragwaye ba ne, yini suke suna sara. Gumi kaɗai bai wanke musu kwata ba.

Puska da mutanensa ba su ware marasa lafiya kaɗai suka yi ta ba su magani ba. Gari duka suka fuskanta, tunda kowa daga rijiyar yake sha. Farko suka nufi masu riƙe da ludayi. Akwai wata tsohuwar ƙungiyar matan gida a Finlan mai suna Martta, da rassa a ƙauyuka. Da ita aka riƙa shirya taron yamma, a dafa abincin da aka saba, amma a rage kitse da gishiri, a ƙara ganye, kowa ya ɗanɗana da bakinsa. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai. In ka ce wa mutum ya bar tuwo da miyar kuka, ya bar jin maganarka tun daga nan. In kuwa ka ce miyar tana nan, cokali ɗaya na mai kawai za a janye, zai saurare ka. Sannan aka horar da ɗaruruwan mutanen da ake jin maganarsu a ƙauyuka, irin waɗanda in suka yi tari a majalisa kowa ke yin shiru. Mutum ya fi yarda da maƙwabcin da suka tashi tare a kan baƙo mai takarda daga birni.

Daga tukunya sai kasuwa, kuma nan ne aikin ya yi tsauri. Uwargida ba ta dafa abin da babu shi a rumfa. Kuma in ka hau mumbari ka ce a rage man shanu a garin makiyaya, ai ka sa hannu a aljihun mai shanu, dole ya yi ƙara. Masu masana'antar madara sun yi ƙarar kuwa, ba kaɗan ba. Sai aka nema wa manoma wata ƙofar: aka taimaka wa wasu suka koma noman ƙananan 'ya'yan itatuwa da ke jure sanyin ƙasar, aka bunƙasa noman wata ƙwaya da ake tatsar man girki daga gare ta, don kada a ce man waje ake tallata musu. Aka zauna da masu gasa burodi da masu sarrafa nama, aka lallaɓa su suka rage gishiri da kitse. Harshe kamar mai shan shayi ne: ka janye masa sukari gaba ɗaya yau, ya ture kofin, ka riƙa rage ƙwaya-ƙwaya, wata rana shi da kansa zai ce na mai shayin can ya cika zaƙi.

Taba kuwa sai da aka haɗa da hukuma. A 1976 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta hana tallar taba, ta taƙaita shanta a wuraren jama'a. Aka kuma kawo mashaya taba a talabijin, suna zaune mako bayan mako suna fama da barinta a gaban idon ƙasa, na gida ma yana fama tare da su. Har gasa aka sa tsakanin ƙauyuka, a ga wane ne zai fi saukar da maiƙon jininsa, kamar yadda ƙauye ke fito da ɗan kokawarsa bayan kaka. Daga 1977 aka faɗaɗa aikin zuwa ƙasar baki ɗaya.

Masu wannan sana'a ba sa rabuwa da mudu. Duk shekara biyar sai a auna jama'a, a kwatanta da maƙwabtansu na yankin Kuopio. Mashaya taba a cikin maza suka sauko daga fiye da rabi zuwa kusan ɗaya cikin uku. Masu shafa man shanu a burodi, da kusan tara ne cikin goma, suka koma ko ɗaya ba su cika ba. A cikin shekara 40 mutuwar ciwon zuciya a tsakanin maza masu shekarun aiki ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Asibiti ma ya inganta a tsawon lokacin, yana da nasa rabon, amma masu bincike sun ce kaso mafi tsoka daga tukunya da barin taba ya fito.

Ƙiba kuwa ta ƙi saukowa. Hawa ma ta yi. Jakin da ke kai kaya kasuwa kullum, in aka sayi mota aka ɗaure shi a turke, kuma aka ci gaba da zuba masa dusa mudun da aka saba, me kake zato? Inji ya karɓi gatari, tarakta ta karɓi gona, mutane suka koma kujera. Karan taba ana iya hana tallarsa, amma wace doka za ta hana mutum zama? Shi ya sa yau masu ba da shawarar nan suke zama da masu zana tituna da masu gina makarantu, suna neman a bar hanyar ƙafa da ta keke, a bar filin wasa, a kunna fitila inda mutane ke tafiya da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiyar rabin awa da ɗan sauri sau biyar, kamar wanda ke son ya riski jam'i.

A Najeriya ma akwai dokar taba tun 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Amma har gobe ana aiken yaro wajen mai tebur ya sayo kara ɗaya. Don Allah, maigida, ka daina aiken ɗanka sayen taba, kuma wannan makon ka je a auna maka jini.