Fiziks ɗin injiniyanci: kwas ɗin da ya kamata ɗalibanmu su sani

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, ɗalibin da ya yi zarra a lissafi da fiziks an riga an san inda zai dosa: likitanci in iyaye sun matsa, in ba haka ba injiniyan lantarki, ko na gine-gine, ko kuma kwamfuta. Akwai wani kwas da ba kasafai ake ambatonsa a makarantunmu na sakandare ba, wato fiziks ɗin injiniyanci, alhali wasu daga cikin yaran nan shi ne ya fi dacewa da su.

Ɗalibin wannan kwas yana karanta kusan duk abin da ɗalibin fiziks ke karantawa: lissafi mai zurfi, lantarki da maganaɗisu, zafi da haske, da kimiyyar kwantum mai bayanin halayyar ƙwayar zarra. Bayan haka sai a ɗora masa aikin injiniya, ya koyi haɗa kayan lantarki, da rubuta manhaja, da ƙera na'urorin awo. Injiniyan lantarki ana koya masa yadda zai yi aiki da tiransisto. Shi kuwa wannan, sai ya san abin da ke gudana a cikin tiransiston kansa, har ya iya tunanin wanda ya fi shi.

Shi kansa tiransiston daga irin wannan haɗin ya fito. John Bardeen, ɗaya daga cikin mutum uku da suka samar da shi a ɗakunan binciken Bell na Amurka a 1947, injiniyan lantarki ya fara karantawa a Jami'ar Wisconsin kafin ya je Princeton ya zurfafa a lissafi da fiziks. Sau biyu ya karɓi lambar yabo ta Nobel, a 1956 da 1972. A Bell ɗin dai aka ƙera farantin sola na silikon na farko mai amfani a 1954, wanda kashi 6 cikin 100 kacal na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa lantarki.

A kan solar nan nake so mu ɗan tsaya, domin yau ta cika rufin gidaje da shaguna da rijiyoyin burtsatse. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25. Da zarar silikon ya wuce haka, ƙarfinsa kan ragu da kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. To, farantin da ke kan kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana iya kai digiri 60 ko fiye, ke nan kusan kashi 15 cikin 100 ya tafi tun kafin a yi maganar ƙurar hunturu da ke rufe gilashin. Mai saye ya ga wuta ta gaza, sai ya ɗora laifin a kan mai haɗawa. Mai haɗawa kuma iyakarsa ya ce a ƙara faranti. Wanda zai iya zama ya auna asarar, ya san dalilin da zafi ke rage ƙarfin lantarkin silikon, ya gwada hanyar sanyaya shi ko wani shafi da ƙura ba ta kamawa, shi ne irin mutumin da wannan kwas ke horarwa. Kuma ba za mu jira masu bincike a Jamus su damu da ƙurar Gashuwa ba.

Muna ma da abin koyi a gida. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fiziks ne da ya ƙarar da rayuwarsa wajen binciken makamashin rana, ya shugabanci hukumar da ke wannan aiki a Nijar, kuma sunansa Jami'ar Yamai take ɗauke da shi a yau.

A Nijeriya, Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta daɗe tana ba da wannan digiri. A waje akwai shi a Cornell ta Amurka da manyan cibiyoyin fasaha na Indiya, irin na Mumbai da Delhi. Wanda ya gama kuma yana da inda zai ci gaba a kusa: Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma tana da tata cibiyar makamashin. Asibitocin da ke gashin ciwon daji su ma suna bukatar masu ilimin auna ƙarfin hasken da ake haska wa majinyaci.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kwas ne mai nauyi, kuma wanda lissafi ke ba shi tsoro kada ya kusance shi. Sunan kwas ɗin kansa yakan rikita masu ɗaukar ma'aikata, wani ya ɗauka wanda ya karanta shi malamin makaranta ne, wani ya rasa sashen da zai ajiye shi, don haka da yawa sai sun ƙara da digiri na biyu kafin ƙofa ta buɗe sosai. Akwai kuma batun rajista. A wasu jami'o'in kwas ɗin yana ƙarƙashin tsangayar kimiyya ne, ba ta injiniyanci ba, saboda haka ɗalibin da burinsa shi ne a kira shi Injiniya ya tambaya tun kafin ya cike fom ko hukumar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista ta amince da kwas ɗin a jami'ar da ya zaɓa. Ya kuma je da ƙafarsa ya leƙa ɗakin gwaje-gwajen sashen, ya tambayi ɗaliban ajin ƙarshe waɗanne na'urori suka taɓa da hannunsu.